Takalman Zozan a Ƙofar Inna

Ranar Larabar farko ta watan Disambar 2014 malamin lissafi bai zo ba, aka sallame mu tun kafin rana ta take tsaka. Ina tafe a bakin titi kusa da makarantarmu a unguwar Goutte d'Or da ke Paris, ina gutsurar burodin da na ɓoye a aljihun rigar sanyi, sai jiniya ta tashi daga saman gari. Duk wanda ya girma a Faransa ya san wannan kukan. Larabar farko ta kowane wata hukuma kan gwada jiniyar gargaɗi, ta yi ta hawa tana sauka, babu mai ko ɗaga kai. Ni ma ban ɗaga ba. Sai kawai na ji an damƙi wuyan hannuna har burodin ya faɗi, aka fizge ni a guje cikin zauren wani gida, aka danna ni ƙarƙashin matakala. Da na dawo hayyacina na ga mai wannan aikin. Sabuwar yarinyar nan ce ta ajin baƙi masu koyon Faransanci, doguwa, siririya, mai gashin gira a haɗe. Ta rufe mini kai da hannunta, ta duƙa a kaina ta runtse ido. Ni kuwa shekarata sha uku, bakina ba ya shiru, abin da ya fara fito mini shi ne, ina burodina?

Sai da na dube ta sosai dariyar da ta taso mini ta koma ciki. Da hannu da ka da 'yan kalmomin da ta sani na fahimtar da ita cewa gwaji ne, ba jirgin da ke zuwa. Ta leƙa titi, ta ga wata tsohuwa tana jan keken cefanenta hankali kwance, ta ga mai sayar da katin waya yana hamma a bakin shagonsa, sannan ta sake ni. Sunanta Zozan, Bakurdiya ce daga wani ƙauye a arewacin Siriya, ta girme ni da shekara guda. Yaƙi ne ya koro ta ita da mahaifiyarta, mahaifinta kuma ya maƙale a Turkiyya yana jiran a ba shi hanya. Duk wannan daga baya na sani. A ranar abin da na sani kawai shi ne, cikin ɗimbin yaran da ke kan titin nan ni ta zaɓa ta ceta, ko da yake babu abin da ya biyo ni. Daga nan na ɗauke ta ƙawa, ban ma nemi shawararta ba.

Gidanmu yana hawa na biyar a wani tsohon bene mara na'urar hawa, ɗaki biyu da falo. Iyayena mutanen Maraɗi ne. Baba yana aikin lodi a babbar kasuwar Rungis, yakan dawo da safe muna shirin makaranta, wani lokaci da kwalin mangwaron da ya ɗan bugu, wanda ba za a iya sayarwa ba. Inna kuwa ita ce mai ƙunshin unguwa. Matan Nijar da na Cadi da na Kamaru, duk mai biki ko suna sai ta hawo benen nan tana haki tana tsine wa wanda ya gina shi. Lallen daga gida kakata ke aiko shi a hannun matafiya. Aikina ne in tankaɗe shi da tsohon ɗankwali, in yanka salatif siri-siri don fitar da zane, in wanke kwanonin kwaɓi, ranar kasuwa kuma in bi Inna ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa na metiro in ɗauko buhun albasa. Amma abin da Inna ta fi ji da shi a duniya, ina jin har da mu 'ya'yanta, shi ne jar dardumar falo. A kanta ake salla, a kanta ake cin tuwo, a kanta ake ƙunshi bayan an shimfiɗa leda. Takalmi bai taɓa taka ta ba. Mai gyaran famfo ma, Bature ƙato da gashin baki, sai da ya shigo da safa mai huji. Takalmanmu a bakin ƙofa suke kwana a jere, maƙwabciyarmu ta yi ƙorafi har ta gaji ta bari.

To a kan wannan dardumar na kawo Zozan, mako guda bayan haɗuwarmu. Na zare takalmina a ƙofa na shige ina kiran Inna ta zo ta ga baƙuwa. Da na waiwaya sai na ga Zozan a tsakiyar falo, tsaye ƙiƙam cikin wani takalmin ƙwallo na maza, irin wanda muke kira basket, ya yi mata yawa, ya sha ruwan titi. Ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja. Inna ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta dubi fuskar, ta dubi ƙafar, ta dubi sawun da aka bar mata. "Ke Mariama," in ji ta, "wagga ɗiya daga wane daji kinka ɗauko ta? Ba Musulma ba ce?" Na yi wa Zozan nuni da ta cire. Ta girgiza kai. Na sake yi, har na durƙusa zan kwance mata igiyar, sai ta ja da baya kamar na nufo ta da wuta, ta ce a yi haƙuri, ta fice. A ranar Inna ta yanke hukunci: in dai da takalmi ne, kada yarinyar nan ta ƙara ƙetare mata ƙofa. Na yi fushi da su duka biyu. Ina son ƙawata, ina son ta shigo gidanmu ta zauna kamar kowa, ga shi takalmi ɗaya tsoho ya tsaya tsakani.

Haka muka ci sanyin shekarar a kan matakala. Kullum bayan makaranta mukan zauna a bakin ƙofarmu cikin jerin takalma, fitilar bene mai kashe kanta tana mutuwa muna tashi muna dannawa. A nan na koya mata Faransanci, har da kalmomin da malamai ba sa koyarwa. A nan na fito da ƙwallayen dabino zan koya mata carafke, ashe ni za a koya wa. Su ma suna yin sa a ƙauyensu da duwatsu biyar, ta cinye ni har na ce hannuna ne ke ciwo. Takan ba ni labarin gidansu, da bishiyar rumman da ke tsakar gida, da kwana a kan soro lokacin zafi, da kakarta mai gasa gurasa a bayan kasko. Labarin yaƙi kam ba ta taɓa yi ba, ni ma ban tambaya ba. Inna kuma, duk da hukuncinta, ba ta iya jin baƙo a bakin ƙofarta da yunwa. Sai ta buɗe ƙofar kaɗan, ta turo kwanon shinkafa da wake ko dambu, tana kallon wani wuri kamar ba ita ta ajiye ba. Wata rana ta cika kwano da fanke ta ce a kai wa uwar, ko ita tana da hankali.

Kwanon nan shi ya sauya komai. Bayan kwana biyu Zozan ta dawo da shi a lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle, cike da ganyen inabi da aka naɗe da shinkafa, an jera su ƙanana-ƙanana gwanin kyau. Inna ta ɗauki ɗaya ta ɗanɗana, ta daɗe tana kallon jerin. Ta ce matar da ta san ba a maido kwano wofi ba za ta kasa koya wa ɗiyarta cire takalmi ba, lallai da wani abu a ƙasa. Ranar Lahadi ta yafa mayafinta na zuwa gaisuwa, ta sa ni gaba muka tafi inda suke.

Ɗaki ɗaya ne a wani ƙaramin otal da ake ajiye 'yan gudun hijira, gado biyu da 'yar tukunyar lantarki a kan kujera. A bakin ƙofa ga silifas ɗin uwar a ajiye, ɗakin fes kamar an lashe. Zozan ce kaɗai ke zaune a gefen gado da takalminta, an shimfiɗa mata tsohuwar jarida a ƙarƙashin ƙafa. Aka ba mu shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, ana ƙara wa Inna tana ƙi ana ƙarawa. Sannan Inna ta nuna ƙafar Zozan ta buɗe hannu, alamar tambaya. Uwar ta yi magana da Kurdanci, Zozan ta mayar mini da Faransanci tana kallon bango, ni kuma na mayar wa Inna da Hausa. Wai da safe ne, suna zaune a ƙasa suna karin kumallo, takalman kowa a bakin ƙofa kamar kullum, aka fara ruwan wuta a kan ƙauyen. Ta ƙofar baya suka fita. Zozan ba ta koma ta ɗauki nata ba, don wajen da takalman suke ya riga ya rufta. Haka ta taka har iyakar Turkiyya ƙafa ba takalmi, cikin gonakin da aka girbe da duwatsu da waya mai ƙaya. A sansani wani ya ba ta wannan basket ɗin. Tun daga ranar da shi take kwana, ba ta cire shi sai a banɗaki, ta kulle ƙofa ta yi alwala da sauri ta mayar. Uwar ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta haƙura. Ban san yadda na iya ƙarasa fassarar ba, ita kuwa Zozan ko hawaye ba ta yi ba.

Muka kamo hanyar gida. A ƙasan benenmu Inna ta tsaya tana gyara mayafi, ta ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake." Washegari na dawo daga makaranta na tarar ta farke kwalayen mangwaron Baba, ta jera su a kan jar dardumarta tun daga bakin ƙofa har gindin kujerar da ke kusa da taga. Ta ce in je in kira ƙawata. Zozan ta shigo tana taka kwalin a hankali, ta zauna, Inna ta miƙa mata kwano ba tare da ta dubi ƙafarta ba. Baba da ya tashi daga barci ya ga aikin, ya ce shekara ashirin yana gidan nan ba a taɓa yi masa titi ba. Tun daga nan muke kiran kwalin titin Zozan. In ya tsufa Baba ya kawo sabo. Watanni suka yi ta wucewa a haka, ta koyi cin tuwo da hannu, ta koyi gaida Inna da "ina wuni" cikin wata irin murya da ke sa mu dariya, ta zama ita ke yanka salatif don hannunta ya fi nawa daidai. Babu wanda ya ƙara yi mata maganar takalmi.

A watan Agusta yayata ta haihu, aka sa ranar suna. Ana gobe suna falonmu ya cika da mata tun da hantsi. Wanda bai san ƙunshi ba, ga yadda yake: in an shafa lalle a ƙafa sai a naɗe ta da leda, a sa tsohuwar safa a kai, mutum ya zauna wuri ɗaya na tsawon sa'o'i. Ba tashi, ba tafiya, ko ruwa sai an miƙo maka. Inna takan ƙunsa tata ƙafar tun da sassafe, ta yi sauran aikin a zaune. Ni ce 'yar aike, ina kai ruwa ina amsa ƙofa. Aka yi wa Zozan na hannu, tana ta sunsuna lallen tana cewa ƙamshin kakarta ne. Ta daɗe tana kallon ƙafafun matan a miƙe. Can sai ta ce mini, a hankali, in tambayi Inna ko za a yi mata a ƙafa. Na tambaya. Inna ba ta ko ɗago daga kwanon kwaɓi ba, ta ce lalle dai ba ya kama basket.

Ni na kwance igiyar, don hannunta da lalle. Wannan karon ba ta ja da baya ba. Na zare takalmin, na zare safar. Tafin ƙafar duk tabo ne, fari-fari a kan juna, yatsu biyu ba farce. Gwaggo Habsu, ƙanwar Baba, mace mai jiki da surutu, ta buɗe baki za ta yi salati, Inna ta harare ta ta rufe. Aka kawo ruwan ɗumi, Inna ta wanke ƙafar da hannunta, ta shanya ta a cinyarta, ta liƙa salatif tana bin tabon da zane yadda in lalle ya kama sai ka rantse ado ne. Ta shafa, ta naɗe da leda, ta sa safa. Takalmin kuma na ajiye shi nan kusa, inda idon Zozan zai riƙa ganinsa. Hira ta dawo, ana ta gardamar sunan da za a raɗa wa jariri. Cikin hidimar suna duk gidan babu wanda ya tuna cewa ranar Laraba ce, kuma ta farkon wata.

Tagar a buɗe take saboda zafi, kukan jiniyar ya shigo kamar a cikin falon ake yin sa. Zozan ta zabura ta miƙe, ledar ta zame da ita, ta faɗi a kan gwiwa tana rarrafe wajen ƙofa. Abin da ya zo mini shi ne matakalar nan hawa biyar da santsin leda. Kafin in motsa Inna ta riga ta kamo ƙafafun biyu ta rungume a ƙirjinta. Ta ce in miƙo takalmin, ta danna wa Zozan shi a hannu, lalle ko ba lalle. Sannan ta yi mata magana da Hausa, Hausar da ba ta ji: "Ga takalminki, ɗiyata, ba wanda ya ɗauke. Dubi ƙafata, ni ma ɗaure nike. In gudu ne tare za mu yi, ni ko ba inda za ni." Ban fassara ba, ban ma tuna ba. Zozan tana haki tana bin falon da ido, ta ga mata a zazzaune kowace ƙafa a cikin leda, babu mai iya ko kaiwa bakin ƙofa, kuma babu wadda ta damu. Sai Gwaggo Habsu ta ɗaga ƙafafunta biyu sama da ƙyar, ta ce in ma yaƙin ne, sai dai ya same mu da kwalliyarmu. Matan suka kwashe da dariya. Jiniyar ta yi hawanta da saukarta ta mutu. Zozan ta kifa kai a kafaɗar Inna ta yi kuka, kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, takalmin a rungume a ƙirjinta, amma ba ta ce a kwance mata ledar ba. Sai bayan la'asar aka buɗe, lallen ya kama ja wur. Da ta tashi zuwa wanke ƙafa, ba ta bi ta kan kwali ba, ta taka dardumar Inna da tafin ƙafarta. A daren Inna ta tattara kwalayen ta ba ni in kai shara.

Kafin shekarar ta ƙare takardunsu suka fito, mahaifinta ya iso, aka ba su gida a garin Lyon inda wani ɗan'uwansa ke gidan burodi. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Ranar da ta zo ban kwana da sabon takalmi ta zo, tsohon kuma a cikin leda. Ta fito da shi ta jera a bakin ƙofarmu tsakanin silifas ɗin Inna da na Baba, ta ce a nan ya kamata ya zauna. Inna da ke zubar mana da takalmi in ya ɗan yage ba ta taɓa barin a taɓa wannan ba. Bayan shekara uku na shiga mota na je Lyon hutu. Gidan nasu a kan tudu yake, daga taga ana hango kogi, uwar ta dasa rumman a cikin tukunya wanda har na baro bai yi 'ya'ya ba. Zozan ce ta buɗe mini ƙofa, ƙafarta ba ko safa, ta dubi tawa ta ce da Hausarta mai ban dariya in cire takalmi, nan ba daji ba ne.

Yanzu Inna ta bar hawa na biyar, gwiwa ta hana, suna Saint-Denis a gefen Paris, a gida mai na'urar hawa. 'Yan mata sun koma zanen kanti mai bushewa nan da nan, ba mai haƙurin zaman leda, falon da ke cika da mata ya zama sai ita da talabijin. Jar dardumar ta koɗe amma tana nan, tsohon basket ɗin ma ya bi su, yana bakin sabuwar ƙofa. Zozan tana aikin jinya a Lyon, mukan yi shekara ba mu haɗu ba. Nakan yi kewar matakalar nan mai sanyi da fitilarta mai mutuwa, da ƙarar ƙwallayen dabino a kan siminti. Sai dai duk Larabar farkon wata, in jiniya ta gama kukanta, wayata kan yi ƙara. Hoton ƙafafunta ne take turo mini, a miƙe, ba takalmi. Nakan kai wa Inna ta gani, ita kuma kullum abu ɗaya take cewa: ƙafar nan tana son lalle.